Tantance yara masu buƙata ta musamman: a Amurka akwai wa'adi, a gida Najeriya babu

A Amurka, idan yaro ya kai aji biyu yana haɗa baƙi da ƙyar, ko ana yi masa magana ba ya bi, ba a jiran shugaban makaranta ya ga dama. Dokar tarayya da ake kira IDEA, wadda tushenta ya faro a 1975 aka kuma sabunta ta a 2004, ta ɗora wa hukumar makarantun gwamnati ta kowane yanki nauyin gano irin waɗannan yara ta tantance su kyauta.

Matakin farko takarda ce. Iyaye ko makaranta kowa na iya neman a tantance yaro, amma mutanenmu a nan Amurka sun saba tsayawa a bakin aji su faɗa wa malama da baki, ita kuma ta ce za ta sa ido. Maganar baki ba ta barin shaida. A rubuta, a sa kwanan wata, a faɗi abin da ake gani ƙarara: yana rikita b da d, ba ya riƙe umarni biyu a jere, yana karanta layi ya manta farkonsa. A aika wa shugaban makaranta da ofishin ilimi na musamman, a ajiye kwafi. Makaranta ko dai ta kawo takardar amincewa, ko ta ƙi. In ta ƙi, dole ta rubuta dalilinta. Wa'adin kwana 60 da doka ta ba makaranta ta kammala tantancewa kuma ba daga ranar wasiƙa ake ƙirga shi ba, daga ranar da makaranta ta karɓi takardar amincewar da iyaye suka sa wa hannu ne, sai dai in jihar ta kafa nata wa'adin. Don haka takardar da ta yi wata guda a cikin jakar yaro, wata guda ya salwanta ke nan.

Ana duba duk ɓangaren da ake zargi da matsala: ji, gani, magana, karatu, lissafi, ɗabi'a. Doka ta hana yanke hukunci da gwaji guda, ta kuma ce a gwada yaro da harshen da zai fi nuna ainihin abin da ya sani. A nan 'ya'yanmu suka fi shiga tsaka mai wuya. Yaron da ya tashi da Hausa a gida, aka gwada shi da Turanci zalla, zai iya faɗuwa alhali lafiyarsa ƙalau, kuma doka ta ce ƙarancin Turanci ba dalilin sa yaro a rukunin nakasa ba ne. Sai dai wannan hujja tana juyewa: yaro mai matsala ta gaske sai a ce a jira Turancinsa ya nuna, shekara biyu ta wuce. Tambayar da ke raba gardama ita ce, da Hausar ma yana fama? In yana fama da harsunan biyu, ba Turanci ne matsalar ba.

Idan aka tabbatar ya faɗa ɗaya daga rukunai 13 da doka ta lissafa, kuma yana buƙatar koyarwa ta musamman, cikin kwana 30 ake zama da iyaye a rubuta masa tsarin karatunsa, wato IEP. Iyaye na da haƙƙin tafinta a zaman. Sa hannun tantancewa daban, na fara hidima daban, wanda ya yarda a gwada ɗansa bai ɗaure kansa ba. Wannan ya kamata ya kwantar da hankalin masu tsoron a ce ɗansu "na da taɓi". Wanda bai gamsu da sakamako ba kuma yana iya neman gwani daga waje ya sake gwajin da kuɗin hukuma, in ta ƙi biya sai ta kare nata gwajin a gaban mai sauraron ƙara.

A Najeriya ba doka muka rasa ba. Dokar hana nuna wa masu nakasa wariya da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba su ilimi kyauta har sakandare, ta kuma ce makarantun gwamnati su karɓe su, su tanadi ma'aikaci mai horo. Ba masana muka rasa gaba ɗaya ba: makarantar makafi ta Gindiri tun 1953 take, akwai kwalejin horar da malaman ilimi na musamman a Oyo, akwai makarantar Tudun Maliki a Kano. Abin da babu shi ne ƙofar shiga mai ƙa'ida. Wa ake rubuta wa, cikin kwana nawa zai amsa, wa za a kai wa ƙara in ya yi shiru?

Shi ya sa a gida nakasar da ido ke gani ce kawai ke samun gurbi. Makaho da kurma ana sanin inda za a kai su. Wanda jinsa ya ragu kaɗan, ko wanda baƙaƙe ke rikice masa, sai a kira shi daƙiƙi, ya sha bulala, ya maimaita aji har ya gaji ya bari.

A ganina jihohinmu ba sa buƙatar kwafo rukunai 13. Hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha ta fitar da fom mai shafi guda, ta ajiye jami'i ɗaya a kowace ƙaramar hukuma da zai karɓe shi, ta sa wa'adin amsa a rubuce, sannan kowane yaro da aka turo a fara da gwada jinsa da ganinsa kafin a ce komai game da ƙwaƙwalwarsa.