A Gaya wa Mutum Tun Kafin Ya Sayar da Filinsa

Baffana ya kira ni daga Jos wata ranar Lahadi, ina fitowa daga aikin dare a Manchesta. Bayan mun gaisa ya yi jim, sannan ya ce, "'Yata, ke da kika san harkar takardu, yanzu kwalin ƙaninki ya zama na ƙunshe ƙosai ke nan?" Yaron shekara huɗu ya yi a wata jami'a a Kwatano, Jamhuriyar Benin. Ya zauna a aji, ya rubuta jarrabawa, ya sha zazzaɓi a ƙasar mutane. Filin Baffa na Rikkos ne ya tafi a kuɗin makarantar.

Duk mai bin labarai ya san mafarin abin. A watan Disambar 2023 ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya fallasa yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida, bai taɓa zama a aji ba, har ya shiga bautar ƙasa da shi. Farkon Janairun 2024 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo. Wanda ya yi karatu a waje kuwa, in ba takardar tantancewar nan ba bautar ƙasa, in ba shaidar bautar ƙasa kuma aikin gwamnati sai dai ya gani a hannun wasu.

Ba na goyon bayan masu sayar da kwali, ko kaɗan. Ni nas ce. Na san abin da allura ɗaya za ta yi a hannun wanda ya sayi takarda. Amma in wake ɗaya ya ɓata gari, waken ake nema a tsince, ba a kifar da ƙwaryar gaba ɗaya. Kuma kada mu manta, takardar ɗan jaridar nan ta hannun namu ta bi ta wuce, ba ta hannun 'yan Kwatano kaɗai ba.

Abin da ya sa na kasa yin shiru shi ne na ga makamancin wannan a nan Ingila, a cikin shekarar 2023 ɗin. Hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ta nan, NMC, ta gano maguɗi a wata cibiyar jarrabawar kwamfuta a Ibadan. Abin kunya ne gare mu, mun kwana biyu muna sunkuyar da kai a wurin aiki. To amma me suka yi? Sakamakon wannan cibiyar kaɗai suka soke. Waɗanda aka ga sun gama jarrabawa cikin saurin da hankali ba zai ɗauka ba, aka bi su ɗaya bayan ɗaya. Sauran aka ce su sake zama. Ba a ce daga yau ba a karɓar nas daga Najeriya ba. Wadda ta rubuta tata a Abuja ko Legas ta ci gaba da neman rajistarta.

Ni kaina a 2019 na bi hanyar. Tun ina ɗakin mahaifiyata a Gangare na san matakan: jarrabawar Turanci da maki 7, jarrabawar kwamfuta a gida Najeriya, sai ta gwajin aiki bayan na iso, wadda na yi a Northampton. Kuɗin kowace a rubuce yake, abin da za a tambaya a rubuce yake. Da wuya, da tsada, amma ba wanda ya ce mini in nemi wani da ya san wani.

Kada a ce na mai da Ingila aljanna. Har yau yana mini ciwo a ce wadda ta yi karatu da Turanci tun firamare sai ta biya kuɗi ta tabbatar tana jin Turanci, sakamakon kuma ya mutu bayan shekara biyu. Na san masu digiri na biyu daga gida da suke wanke tsofaffi a gidajen kula da su, saboda takarda daban, mai ɗaukar aiki daban. Ofishin da ke auna takardun waje a nan, UK ENIC, zai iya ba ka shaidar cewa digirinka daidai yake da nasu, amma ba zai tilasta wa kowa ya ɗauke ka ba.

Duk da haka akwai ƙa'ida ɗaya da nake sha'awa. Yarjejeniyar Lisbon ta 1997, wadda ƙasashen Turai suke bi a tsakaninsu, ta ce a karɓi takardar mutum sai dai in hukuma ta nuna akwai babban bambanci tsakaninta da ta gida. Wato nauyin kawo hujja a kan hukuma yake. UNESCO ta faɗaɗa wannan zuwa duniya baki ɗaya a 2019. Jamus kuwa tana da rumbun bayanai a intanet mai suna anabin, inda za ka buga sunan jami'ar kowace ƙasa ka ga matsayinta a wurinsu. Wata ƙawata a can ta duba jami'ar da ta gama tun tana Unguwar Rogo, a wayarta.

A watan Agustan 2024 ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce jami'o'i takwas kaɗai aka amince da su a ƙasashen biyu, biyar a Benin, uku a Togo. Da wannan magana ta shiga kunnen Baffa a 2019, da Hausa, a rediyon da yake ratayawa a shagonsa na Terminus, da filinsa yana nan. Wanda ya same shi a lokacin dillali ne, da takarda mai sheƙi da alkawarin ba yajin aiki. Uban da ya ga 'ya'yan maƙwabta sun shafe watanni a gida saboda yajin aikin malaman jami'a, me kake so ya yi?

Abin takaicin, mun iya auna mutum da kansa in mun ga dama. Likitan da ya karanto a Sudan ko Masar ko Rasha sai ya zauna jarrabawar hukumar likitoci, MDCN, kafin a ba shi lasisi. Wanda ya karanto lauya a waje sai ya yi zangon share fage a Makarantar Lauyoyi da ke Bwari. Me zai hana a yi wa yaran Kwatano haka? A kira su Abuja, a zaunar da su, kowa a fanninsa. Wanda ya sayi kwali zai tona kansa tun shafin farko, a gurfanar da shi tare da wanda ya sayar masa. Wanda ya yi karatu a sake shi ya tafi bautar ƙasa.

Mu ma da muke fitowa, rabin wahalarmu daga gida take. Wata bakwai na yi ina jiran makarantar da na gama ta aiko da cikakken sakamakona. Yayana ya yi ta sintiri, yau a ce mai sa hannu ya yi tafiya, gobe a ce ba a ga fayil ba. Saura kiris gurbin aikina ya wuce.

Yanzu ƙanwar yaron ce take son karatun haɗa magunguna a waje, wani dillalin har ya fara zarya gidan. Na ce, "Baffa, don Allah kada ka ba kowa ko sisi. A hau mota a gangara Hawan Kibo a je Abuja, a tambayi ma'aikatar ilimi da hukumar masu haɗa magunguna game da wannan makarantar, kuma a karɓo amsar a rubuce." Ya ce zai tura yayanta ranar Litinin, tunda shi ne yake zaune a gida ba aiki.