Dogo ya kai Dosso, mu har yau muna bakin titi

An haura shekara goma ke nan da aka ce mana Yamai ta samu jirgin ƙasa. Ran 7 ga Afrilun 2014 ne, a sabuwar tashar da aka gina kusa da filin sukuwa, shugaba Mahamadou Issoufou ya tsaya tare da Boni Yayi na Benin da Faure Gnassingbé na Togo da attajirin nan na Faransa, Vincent Bolloré, aka shaida wa duniya cewa Nijar ta bar sahun ƙasashen da ba su da layin dogo. To ina jirgin yake? Da gaske nake tambaya, kuma ina son mai amsa ya fito ya ba ni. Wane ɗan Talladje ne ke yankar tikiti da safe ya shiga jirgi ya sauka cikin gari ya kama aikinsa? Wace ƴar kasuwa ce ke ɗoro kayanta daga Dosso ta sauke a Yamai? Babu ko ɗaya. An gina tasha, an shimfiɗa ƙarfe, an kawo taragai an yi musu fenti, an ɗauki hotuna, daga nan shiru kake ji.

Duk wanda ke kwana a Talladje ko Saga ko unguwar filin jirgi ya san wahalar da nake nufi. Tun bayan sallar asuba mutane ke jeruwa a bakin titi. Faba-faba za ta zo a cike maƙil, yaron mota na rataye a ƙofa yana kiran Babbar Kasuwa, alhali ko ƙafa babu inda za ka sa. In ta tsaya, sai mai ƙarfi ya shiga. Mace mai goyo da tsoho su koma baya su jira ta gaba, wadda ita ma haka za ta zo. Ka tare taksi ka faɗi inda za ka, direba ya girgiza kai ya ja motarsa, ko ya ce sai ka biya kuɗin mutum biyu don unguwarku da nisa. Ka gaji ka hau kabu-kabu, ka sa ranka a hannun yaron da ke kutsawa tsakanin manyan motoci. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ƴan makaranta na nan tsaye da jakunkuna a baya, mai ciki na son zuwa awo, ma'aikaci na duba agogo don ya san za a rubuta sunansa cikin waɗanda suka makara. Da yamma kuma a sake wannan dambe, a koma gida bayan isha'i a gajiye, kuɗin cefane ya tafi a kuɗin mota. Wata dattijuwa ta taɓa kama hannuna muna jiran mota, ta nuna wajen da dogon ya bi, ta ce, "Ɗana, wai ba nan ne aka ce jirgi zai riƙa wucewa ba?" Na ce, "Nan ne, Inna." Ta ce, "To, Allah ya sa jikokina su gani." Zuciyata ta yi zafi ranar, don ba ni da abin da zan ƙara mata.

Birnin da ƙidayar 2012 ta nuna ya haura mutum miliyan ɗaya, kuma tun daga lokacin kullum faɗaɗa yake ta kowace kusurwa, a ce har yau ba shi da wata hanyar kwasar jama'a ta kirki sai tsofaffin ƙananan bas da taksi da babura. Wannan abin kunya ne, kuma ba talauci kaɗai ya jawo shi ba.

Ba yau aka fara yi mana wannan alkawari ba, shi ya sa abin ke ƙona rai. Tun zamanin Turawan mulkin mallaka dogon da ya taso daga Kwatano ya zo Paraku, kilomita 438, ya tsaya cak a shekarun 1930. Wanda ya taso daga Abijan har sunan Nijar aka laƙaba masa, amma da ya isa Wagadugu a 1954 bai ƙara gaba zuwa wajenmu ba. A 1959 aka kafa hukumar jirgin ƙasa ta haɗin gwiwa tsakaninmu da Dahomey (Benin ta yau), wadda daga baya aka sani da OCBN. Shekaru sama da hamsin Nijar tana da hannun jari a kamfanin jirgin ƙasa, ba ta da ko taku ɗaya na dogo a ƙasarta. Kakanninmu sun ji zancen, iyayenmu sun ji, mu ma mun ji. Kullum gafara sa, ba mu ga ƙaho ba. Shi ya sa da aka fara jera ƙarfe a 2014 mutane suka yi murna ta gaskiya, har da waɗanda ba sa tare da gwamnatin lokacin. Cewa aka yi wannan somin-taɓi ne na babban zobe mai tsawon kimanin kilomita 2,700, wanda zai haɗa Kwatano da Yamai da Wagadugu da Abijan.

Ku dubi yadda kwanakin suka jeru, ku yi wa kanku hisabi. An ce jirgi zai isa Dosso don bikin ranar jamhuriya na 18 ga Disamban 2014. Aikin bai kammala ba. An fara shimfiɗa ƙarfe tun Afrilun 2014, amma yarjejeniyar da ta miƙa wa kamfanin Bolloré aikin da tafiyar da layin sai a watan Agustan 2015 aka sa mata hannu. Wato an yi fiye da shekara ana gini kafin takarda ta zauna. A can Benin kuwa akwai ɗan kasuwar ƙasar, Samuel Dossou, mai kamfanin Petrolin, wanda ya ce shi aka fara ba wannan aiki shekaru kafin nan, ya kuma garzaya kotu. A watan Nuwamban 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta Kwatano ta ba shi gaskiya, ta ce a dakatar da aikin. Duk da haka, ran 29 ga Janairun 2016 aka yi bikin buɗe layin Yamai zuwa Dosso, kilomita 140 da ƴan kai, saura mako uku a yi zaɓen shugaban ƙasa na 21 ga Fabrairu. Waɗanda suka yanke kirtani a ranar sun san hukuncin kotun. Sun san dogon da ya tsaya a Dosso, bai kai Gaya ba, bai tsallaka kogi ya haɗu da na Paraku ba, ba zai ɗauko ko kwantena ɗaya daga bakin teku ba. Sun sani, suka yi bikin, suka bar mu muna tafi. Wannan shi ne abin da na kasa haɗiyewa. A 2017 kotun ƙolin Benin ta tabbatar da hukuncin, a 2018 shugaba Patrice Talon ya fito fili ya ce ɓangarorin biyu su ja gefe a ba ƴan Sin aikin. Daga nan zancen ya bi iska. A ƙarshen 2022 kamfanin Bolloré ya sayar da harkokinsa na sufuri da tashoshin ruwa a Afirka ga kamfanin jiragen ruwa na MSC a kan Yuro biliyan 5.7, ya kama gabansa.

Akwai kuma maganar faɗin layin, wadda injiniyoyi da ƙungiyoyin farar hula suka yi ta ɗaga murya a kanta tun ana cikin aikin. Dogon da aka shimfiɗa mana mai faɗin mita ɗaya ne tsakanin ƙarfe da ƙarfe, irin na zamanin Turawa, alhali sababbin layukan da ake yi yanzu mita 1.435 ne. Masu kare aikin sun ce dole a yi haka don ya dace da tsohon layin Benin da na Abijan, kuma wannan hujja ce da za a iya saurara. Amma tun da bai haɗu da ko ɗaya cikinsu ba, me hujjar ta tsinana mana? Ga Najeriya can ta ƙaddamar da aikin gina layin Kano zuwa Maraɗi a Fabrairun 2021, kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, a kan faɗin zamani. Ran da ya iso Maraɗi, taragon da ya hau shi ba zai iya hawa namu na Dosso ba. Ƙasa ɗaya, guntayen dogo biyu, kowanne da faɗinsa.

A cikin gari kuwa ƙarfen bai tsaya ga rashin amfani ba, cutarwa ya yi. Ya bi gefen hanyar filin jirgi ya matse titi, ya raba unguwa da unguwa, mai mota sai ya yi dogon zagaye kafin ya samu mashiga. Masu babur sun sha faɗuwa wajen tsallaka shi, masu amalanke da masu turin baro sun sha fama. Shekara da shekaru mutane suna biyan wannan haraji da lokacinsu da lafiyarsu saboda jirgin da ba ya wucewa. A bayan gari damina tana cin ƙasan layin, rairayi yana binne shi. Manoman da dogon ya ratsa gonakinsu a hanyar Kure da Birnin Gaure fa, me aka ce musu?

Kada wani ya ce mana ai Afirka ce, haka abin yake. Layin Abuja zuwa Kaduna a shekarar 2016 aka buɗe shi, shekara ɗaya da namu, kuma duk da matsalolin tsaron da ya gamu da su, mutane sun shiga sun sauka. Dakar ta fara jirginta na cikin gari a Disamban 2021, kilomita 36 zuwa Diamniadio, ma'aikata da ɗalibai na hawa kowace safiya. Maƙwabtanmu na Burkina, a zamanin Thomas Sankara, da masu ba da bashi suka ƙi, talakawa ne suka fito a 1985 suka ɗauki ƙarfe da hannuwansu suka nufi Kaya da shi. Mu namu an kawo injina, an gama shimfiɗawa, aka rasa wanda zai tayar da jirgi.

Kuma asarar ta wuce ta mai jiran faba-faba. Ƙasar da ba ta da teku, komai nata a bayan babbar mota yake tafiya. Albasar Galmi tana ruɓewa a hanya kafin ta kai kasuwannin bakin teku. Simintin Malbaza, man matatar Damagaram, shinkafa da sukari da magani, duk titi ɗaya suke bi suna farfasa shi, a gyara bana ya fashe baɗi. A daminar 2024 da ruwa ya yanke hanyar Dosso a kusa da Yamai, mun ga yadda Yamai ta koma: motocin kaya sun yi layi, mai ya yi wuya a gidajen mai. A Yulin 2023 kuma aka rufe gadar Gaya da Malanville da ke iyakarmu da Benin, kaya suka koma sai sun zagayo ta Lome su ratso Burkina da rakiyar sojoji, mu kuma mu biya bambancin a kasuwannin Katako da Wadata. Ban ce jirgin ƙasa zai buɗe iyaka ba. Abin da nake cewa shi ne ƙasar da ta rataya rayuwarta a kan tayar mota kaɗai, kowace ƴar matsala sai ta shiga tukunyar talaka.

Yanzu muna jin ana zancen sabon dogo da zai haɗa ƙasashen AES, wato ƙawancen Nijar da Mali da Burkina Faso. Madalla, muna so, muna addu'a. Amma ranku ya daɗe, kafin ku aza wani tubalin, ku fara yi mana bayanin na farko. Ku da kuke kan mulki yau ba ku kuka yi bikin 2016 ba, don haka babu abin da zai hana ku buɗe takardun. A fito da yarjejeniyar 2015 kowa ya karanta. A faɗa mana abin da ya fita daga baitulmali, da harajin da aka yafe, da diyyar da aka biya masu gonaki da wadda ba a biya ba. A faɗa mana wa ke da wannan layi a yau, da tashoshinsa da taragansa. A tura injiniyoyinmu na gida su bi shi daga Yamai har Dosso, su ce ga abin da zai gyaru, ga abin da ya mutu. In akwai yankin da zai iya ɗaukar jirgin fasinja, ko da daga bakin gari ne zuwa garuruwan da ke kan hanyar Dosso, a tayar da shi, don mutanen da ke shigowa Yamai neman abinci kowace rana sun isa su cika shi. In kuma ya mutu gaba ɗaya, a faɗa mana ya mutu, a kira waɗanda suka sa hannu su yi bayani a gaban shari'a.

Kafin nan, ba za mu ci gaba da tsayuwa a rana muna jiran aikin shekara goma ba. A zuba manyan bas masu yawa a hanyar filin jirgi da ta Harobanda da ta Koira Tegui, masu lokacin tashi sananne da kuɗin da ɗan makaranta zai iya biya, a yi musu rumfunan jira masu inuwa. Wannan ba ya buƙatar kotun Kwatano ko attajirin wata ƙasa. Ministan sufuri ya zo Télé Sahel ya zauna, ya yi mana magana da Hausa da Zabarmanci yadda Inna mai jiran mota za ta fahimta, ya ba mu wata da shekarar da kowanne cikin waɗannan zai fara, mu rubuta mu ajiye mu riƙa tambayarsa.