Masallacin fadar Shirwanshah a Baku, da hannun masu gyara

Duk mai hannu a gyaran tsofaffin masallatai, ina so ya san labarin masallacin fadar sarakunan Shirwanshah da ke tsohon birnin Baku, a ƙasar Azarbaijan.

Ƙaramin masallaci ne na sarki da mutanen gidansa. Rubutun Larabcin da ke jikin hasumiyarsa ya ambaci Sarki Halilullahi na ɗaya da shekarar 845 ta Hijira, wato 1441 zuwa 1442. Da dutsen yankin aka gina shi, ɗakin salla biyu: babba na maza, ƙarami na mata, kowanne da ƙubbarsa. Bangon waje sumul yake, kusan babu ado. A jikin hasumiya mai tsawon mita 22 magina suka zuba gwanintarsu, suka sassaƙa dutse hawa-hawa a ƙarƙashin barandar ladan. Abin da ya fi taɓa ni shi ne tulunan yumɓu da suka binne cikin bango ta sama, bakinsu na fuskantar masallata, don muryar liman ta cika ɗakin. Allah ya jiƙan waɗannan magina, sun yi wa na sahun baya tunani.

Fadar ta sha wuya. Shah Isma'il, wanda ya kafa daular Safawiyya ta Iran, ya ci Baku a 1501. Jiragen ruwan Rasha sun yi wa birnin ruwan igwa a 1723, daga baya sojojin Rasha suka mai da fadar bariki da wurin ajiya. Masallacin bai faɗi ba.

To ga inda hankalina ya tashi. UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa tsohon birnin cikin kayan tarihin duniya a shekarar 2000, shekarar da girgizar ƙasa ta auka wa Baku a watan Nuwamba. A 2003 sai ga shi cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari, kuma ba girgizar kaɗai aka ɗora wa laifi ba. An ambaci sababbin gine-gine barkatai da gyaran da bai bi ƙa'ida ba. Sai 2009 aka fitar da shi, bayan hukumomi sun tashi tsaye.

A ganina mai kuɗi da niyyar alheri na iya yi wa irin wannan gini ɓarnar da igwa ba ta yi ba. Ya ga bango babu ado, sai ya ɗauka talauci ne, ya kawo siminti da fenti da tayil. Siminti kuwa yana kulle danshi a cikin dutse mai laushi, ya riƙa cin sa ta ciki. Wanda bai san amfanin tulunan nan ba zai toshe bakinsu da filasta cikin yini ɗaya, yana ganin lada ya samu.

Shi ya sa nake goyon bayan gyara mai tafiyar hawainiya: a auna, a ɗauki hoto, a liƙe tsaga da kwaɓin farar ƙasa irin na asali, dutsen da dole a sauya shi a yi masa alama don na baya su gane sabo ne. Masu ginin da ke kewaye kuma a hana su wuce tsayin da zai rufe hasumiyar.