Daren da aka tafi aka bar ni

Duk wanda ya ƙara kirana "budurwa ta shida" a bakin majami'a, ni da shi ne. Har yaran makarantar Lahadi sun ɗauka.

Waɗanda ba su zo sujadar shiga sabuwar shekara ba, ga abin da ya faru. Fasto ya ba ni minti goma in yi wa jama'a gargaɗi, na ɗauki Matiyu sura 25, 'yan matan nan goma, biyar masu hikima, biyar da fitilunsu suka mutu don ba su riƙo mai ba. Na yi minti arba'in. Na kawo Bitrus da Yakubu da Yahaya da suka kasa tsaro na sa'a guda a Getsamani, na kawo saurayin nan Aftikos da ya yi gyangyaɗi Bulus na wa'azi har ya faɗo daga bene na uku. Na buga teburi na ce, "Wanda ango ya iske yana barci, kada ya ce ba a gaya mishi ba!" Aka yi ta amin. Na jefa makirufo a aljihun gaba, na koma bencin baya ina jin kaina.

To, tuwon dawa malmala uku na ci kafin in fito, na bi da fura. Ga hunturun Sakkwato na ƙarshen Disamba, ga bargo na yafa. Na ce bari in rufe ido in yi addu'a a zuci.

Begila ce ta tashe ni. Ƙara ɗaya, doguwa, har cikin haƙorana. Na buɗe ido, duhu ƙirin. Na lalubi dama, ba kowa. Na lalubi hagu inda uwargida take, sai gyalenta da jakarta a kan benci, ita babu. Na kunna tocilar waya: benci bayan benci, ga mayafai, ga Littafi a buɗe, ga takalmin wani yaro ƙafa ɗaya, ga tulunan zumuntar mata a ajiye. Ba mutum ko ɗaya. Ni da na sha karanta wa mutane Tasalonikawa ta fari 4:16, ƙahon Allah da fyaucewa, wato ranar da za a ɗauke masu bi zuwa sama a bar sauran, wa zai yi mini bayani?

Abin kunyar, ba tuba ce ta fara zo mini ba. Kujerar Dattijo ma'aji na haska, na ga hularsa kawai, na ce da ƙarfi, "Har da shi?" Mutumin da ya ari jarkata mai lita 25 tun watan Afrilu, lokacin da zafi ke narka kwalta, da sunan zai ɗebo ruwa kwana biyu. Na bi shi har gidansa a Mabera sau uku a kabu-kabu, kuɗina. Na farko aka ce ya tafi Bodinga, na biyu ya ce murfin ne ya ɓata yana nema, na uku kuwa na hango jarkar da idona an zuba mata manja, ya ce waccan ta surukarsa ce, kama ce kawai. Kama! Ni na ƙona mata alama da ƙusa a gindi. Kuma shi ne mai karanta sanarwa duk Lahadi da muryar waliyyai. A ce wannan ya hau sama da jarkata a wuyansa, ni ina nan?

Sannan gwiwa ta saki. Na durƙusa a siminti na soma zubo su. Na ce ya Ubangiji, bashin mai shayi na wata huɗu, zan biya. Na ce naman da ke raguwa a tukunya, ba kyanwa ba ce, ni ne, kuma na bari an doki Auta. Na ce ranar aikin gayya na share majami'a ba zazzaɓi nake ba, ƙwallo na tafi kallo. Na ce zakkar Oktoba, to, ka san lissafin. Ina kuka wiwi, majina na zuba, ina roƙon ko akwai mota ta biyu.

Sai na ji muryata tana dawo mini daga waje. "Ko akwai mota ta biyu..."

Ashe wuta aka ɗauke sha biyu saura kwata, Fasto ya ce a fita fili a ƙarasa, aka ɗauki lasifikar caji aka yi waje da ita. Makirufo yana aljihuna a kunne. Minti goma sha biyar suna addu'ar shiru da minsharina a lasifika. Uwargida ta tashi za ta tashe ni, Mama shugabar zumunta ta riƙe mata zane ta ce, "Ƙyale shi, ɗiyata, mu ga ko yana da mai." Begilar kuwa yaran birget ne, 'yan faretin majami'a, suka busa da sha biyu ta cika.

Na fito da bargo a ka. Jama'a sun fi ɗari, wasu sun zauna a ƙasa don dariya. Fasto yana ta tari cikin hankici. Dattijo ma'aji ya matso ya kama hannuna biyu ya ce, "Barka da sabuwar shekara, ɗan'uwa. Eh, har da ni."

A hanyar gida uwargida ba ta ce uffan ba sai da muka kai ƙofa. "Baban yara, kyanwa dai ko?" Auta yanzu tsoka biyu ake sa mishi, daga kasona. Mai shayi ma labari ya kai mishi tun kafin gari ya waye, ya aiko yaro da takarda.

Jarkar dai har yau shiru.