Iya wasa daban, iya koyarwa daban

Na karanta wani labari a kan Patrick Ewing, tsohon ɗan wasan ƙwallon kwando a Amurka, daga nan Gusau, sai ya tuna mini da gardamar da muke yi a majalisa kan ko iya wasa shi ne iya koyarwa. Marubucin ya ce Jami'ar Georgetown ba ta kyauta masa ba da ta sallame shi daga aikin koci a 2023. Gaskiya ban yarda ba.

Ewing gwani ne a ƙwallon kwando, wannan ba a ja. Yana ɗan wasa, shi ya jagoranci Georgetown ta ci kofin jami'o'in Amurka a 1984, kuma ƙungiyar namu Hakeem Olajuwon, haifaffen Najeriya, suka doke a wasan ƙarshe. Hakeem dai ya rama a 1994, ya ɗauke kofin NBA, gasar ƙwararru ta Amurka, a gaban idon Ewing, har yau ina jin daɗin wannan.

To amma koci a jami'a ba horarwa kaɗai yake yi ba. Sai ya bi iyaye gida-gida yana lallashin yara su zo makarantarsa, ya kuma riƙe su kada su gudu. Shekara shida aka ba Ewing tun 2017. Ban da kofin rukuninsu na Big East a 2021, me ya kawo? Kakar da ta biyo baya ko wasa ɗaya bai ci ba a rukunin nasu.