Man ayu ya cika kasuwa, ayu yana ƙarewa a kogi

Kusan kowace mace a ƙasar Hausa ta san sunan man ayu, ko daga bakin mai kayan mata ko a tallan Facebook da TikTok. Amma tambayi mutum goma yadda ayu yake, da wuya ka sami biyu da za su kwatanta maka shi. Da yawa ma kifi suka ɗauke shi.

Ayu ba kifi ba ne. Da huhu yake numfashi, shi ya sa yake leƙo da hanci saman ruwa lokaci lokaci. Macen haihuwa take yi, ta shayar da ɗanta da nonon da ke kusa da hammatarta. Ciyawar ruwa ce abincinsa, babba kuma yakan kai mita uku, nauyinsa ya haura kilo 300. Masana halittu sun tabbatar da cewa giwa tana cikin danginsa mafi kusa, har faratai ne da shi a hannuwan da yake iyo da su. Haƙoransa ma abin kallo ne: yashin da ke cikin ciyawa yana cinye su, sai na gaba su zube, sababbi su riƙa turowa daga baya, haka har ƙarshen rayuwarsa. Muna ta tura wa juna bidiyon dabbobin Ostiraliya muna ta'ajibi, alhali ga wannan a kogin Neja da Binuwai, da tafkin Kainji, da tafkin Lere na ƙasar Chadi.

Abin da ya sa nake ganin cinikin mansa ɓarna ce shi ne yanayin haihuwarsa. Cikin ayu yana ɗaukar kimanin shekara guda, ɗa ɗaya take haifa, sannan sai ta yi shekara biyu ko fiye kafin ta sake. Dabba mai irin wannan jinkiri ba ta jure farauta. An ga misali: wani babban ɗan uwan ayu da Turawa suka gano a tekun Bering a 1741, kafin 1768 an ƙarar da shi kakaf saboda nama da kitse. Shekara 27 kacal.

Doka dai akwai ta. Tun 1985 Najeriya ta hana farautarsa, a 2013 kuma yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, ta sa shi cikin jerin dabbobin da aka haramta cinikinsu tsakanin ƙasashe. Duk da haka mai talla tana ɗaga kwalba a gaban kyamara, ta faɗi farashi, ta ba da lambar waya, ba wanda ya ce mata kanzil.

A nan akwai lissafin da ya kamata mai saye ta yi. Idan duk kwalaben da ake tallatawa daga Kano zuwa Maraɗi man ayu ne na gaskiya, da tuni babu ayu ko ɗaya a ruwa. Ke nan ko dai an sayar mata da wani mai daban, ta yi asarar kuɗinta, ko kuma na gaske ne, an kashe dabbar da doka ta kare. Ga shi abu ne da ake sa wa a jiki, wani lokacin a wuri mai tsananin haɗari, ba tare da an san me aka haɗa a ciki ba.

Ban ce masunci ba shi da hujja ba. Ayu yana yaga koma, yana shiga fadama ya cinye shinkafa lokacin ambaliya, kuma guda ɗaya in ya faɗa hannu kuɗinsa ya fi na kifin makonni. Wanda iyalinsa ke jiran cefane ba zai saurari wa'azin jami'in gandun daji daga Abuja ba. Zai dai saurari Sarkin Ruwa, domin Sarkawan Yawuri da sauran garuruwan bakin kogi sun daɗe da tsarin hana kamun kifi a wasu wurare da wasu lokuta. Ta wannan ƙofar ya kamata gwamnatocin Kebbi da Neja su shiga, tare da biyan diyyar komar da ta yage ga duk wanda ya saki ayu da ransa. Masu talla a intanet kuwa, aikin NAFDAC ne, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta nemi kwalaben ta gwada abin da ke cikinsu, ta faɗa wa jama'a sakamakon.