Kumagai bai samu yafiya a ɓagas ba

Tun jiya raina a ɓace yake da maganar da wani ya rubuto min a ƙarƙashin bidiyon wasan Atsumori da na saka, wani wasan kwaikwayon gargajiyar Japan irin wanda ake kira Noh, wai "ka kashe ɗan mutane ka aske kai ka shiga ɗakin ibada shikenan an yafe, ai wannan tsira ce ta banza." Malam ka kalli wasan kuwa, ko fuskar katakon nan kawai ka gani ka hau rubutu?

Kumagai, mayaƙin gidan Minamoto da ya kashe yaron, bai samu yafiya a ɓagas ba, kuma ba shi ya yafe wa kansa ba. A yaƙin Ichi-no-Tani na 1184, kusa da Kobe ta yanzu, ya kayar da Atsumori, wani mayaƙin gidan Taira abokan gabarsu, a bakin teku, yana cire masa hular ƙarfe sai ya ga yaro ne sa'an ɗansa, ya so ya ƙyale shi amma ga dakarun Minamoto a bayansa sun taso, haka ya sare shi yana hawaye, sannan ya tarar da sarewa a jikinsa. Bayan nan ya ajiye takobi ya bi Honen, wani malamin addinin Buda, ya zama ɗan ibada ya koma amsa sunan Rensei. To a wasan Noh ɗin da Zeami ya rubuta ina Rensei yake zuwa? Wurin da ya zubar da jinin nan dai yake komawa da ƙafarsa, ya zauna yana yi wa yaron addu'a, ba kansa yake roƙa wa ba.

Kuma fatalwar Atsumori ba da murmushi ta zo ba. Sai da ya sake taka rawar mutuwarsa, ya ɗaga takobi a kan Rensei zai rama, sannan ya ga ashe mutumin nan sunan Amida, Budan da suke bauta wa, yake ta kira dominsa, hannunsa ya sauka, ya ce a kan furen lotas guda za a sake haifarsu a aljannar Amida, ya roƙe shi ya ci gaba da yi masa addu'a. Wanda aka kashe ne ya sauke takobin! Mai haƙƙi ne ya yafe, wannan shi ne abin da nake ta faɗa.

Masu cewa ai addinin Buda ne me ruwanmu, na ji, ni ma Musulmi ne kuma ban ce kowa ya bi Amida ba, a bar wannan. Amma mu ɗin nan da aka karantar da mu cewa haƙƙin bawa ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe, mu ne za mu cuci mutum mu cinye masa kuɗi mu ɓata masa suna, azumi na ƙaratowa sai mu tura saƙo ɗaya ga mutum ɗari biyu a WhatsApp "duk wanda na ɓata wa ya yafe min." Ko sunansa ba ka kira ba, ko ƙofar gidansa ba ka taka ba. Hatta mutumin da ya kashe rai 100 a hadisi sai da aka ce ya bar garinsu, a kan hanya ya mutu.

Sarewar nan kuma ita ta tsaya min a rai. A farkon wasan masu yankan ciyawa ne ke busa ta da yamma, ni kuwa sai na tuna yaran Fulani da ke wucewa bayan gidanmu da shanu ina ƙarami. An ce har yanzu sarewar Atsumori tana ajiye a haikalin Sumadera a Kobe, in Allah Ya kai ni Japan can zan fara zuwa.